Gidan Kayan Tarihi na Mosul, da Dutsen Bikin Sarkin Assuriya

A karanta: Farawa 10:8-12.

A cikin ayoyin nan mun ga sunayen birane biyu na ƙasar Assuriya, Nineba da Kala. Dukanmu mun san Nineba saboda annabi Yunana. Kala kuwa, kaɗan ne a cikinmu suka taɓa kula da ita. Dukansu biyu kufai ne tun da daɗewa, a ƙasar da ake kira Iraƙi. Kufan Nineba yana bakin kogin Dijla, daura da tsohon birnin Mosul. Na Kala, wanda mutanen wurin ke kira Nimrud, yana kudu da shi, tafiyar wajen mil 20.

Tun daga 1845 wani Bature mai suna Layard ya soma haƙa a Nimrud, ya kwashe manyan duwatsu masu sassaƙa zuwa Ingila. Daga baya mutanen Iraƙi suka ce ya kamata kayan kakanninsu su zauna a ƙasarsu. A 1952 fa, zamanin Sarki Faisal na Biyu, aka buɗe gidan kayan tarihi a Mosul, cikin wani zaure na sarauta. Shekarar nan ce kuma aka buɗe namu na Jos. Da kaya suka yi yawa aka gina sabon gida bisa fasalin da Mohamed Makiya ya zana, aka buɗe shi a 1974. In banda na Bagadaza, babu wanda ya kai shi girma a duk ƙasar.

Kayan an rarraba su zaure zaure. Akwai na mutanen dā can, tun ba a san rubutu ba. Akwai na Hatra, wani birni na hamada wanda Farisawa suka ci wajen shekara ta 240, cike da siffofin sarakuna da aka sassaƙa da dutse. Akwai na zamanin Musulunci, inda aka jera mihirabai na dutse daga tsofaffin masallatan Mosul. Amma zauren Assuriya shi ne abin kallo. A nan aka tsai da zakin dutse daga ƙofar wani haikali na Kala, da waɗansu halittu biyu masu jikin dabba da fikafikai da kan mutum, irin waɗanda sarakuna ke sawa su yi gadin ƙofar fada. Ga kuma dakalin da kursiyin Sarki Ashurnasirfal na Biyu ya zauna a kai. Sarkin nan ya yi mulki daga 883 zuwa 859 kafin haihuwar Almasihu, wato shi da Omri da Ahab na Isra'ila zamaninsu ɗaya ne.

Bari mu dakata a kan dutse ɗaya. A 1951 masu haƙa a ƙarƙashin Max Mallowan suka same shi tsaye kusa da ɗakin kursiyi a Kala, gaba da baya duk rubutu. Labarin bikin buɗe fadar sarki ne. Ya ce ya ciyad da mutum 69,574 har kwana 10. Bai bar lissafin a dunƙule ba: maza da mata 47,074 da aka kirawo daga ko'ina cikin ƙasarsa, jakadu 5,000 daga waɗansu ƙasashe, mutanen Kala 16,000, da ma'aikatan fada 1,500. Wanda ya iya lissafi ya tara ya gani, daidai yake fitowa. Sa'an nan ya ƙidaya shanu da tumaki da tsuntsaye da kifi, gurasa 10,000, salkunan ruwan inabi 10,000, har albasa da tafarnuwa bai manta ba. Kada mu ɗauka kowane adadi haka yake, gama sarakunan Assuriya ba su san kunyar yabon kai ba. Duk da haka daga dutsen nan mun san abin da mutanen zamanin Iliya suke ci da sha, da itatuwan da suke dasawa a lambu.

Masifa ta zo wa gidan sau biyu. Da yaƙin 2003 ya gabato, ma'aikata suka tattara ƙananan kaya wajen 1,500 suka aika Bagadaza, waɗannan kuwa suka tsira. Manyan duwatsu ba su ɗaukuwa, aka bar su. A watan Afrilu ɓarayi suka fasa gidan, suka sace sassa wajen 30 na tagullar da aka yi wa ƙyamaren wani haikali na Balawat ado da ita. Aka rufe gidan. Ana cikin shirin sake buɗewa, sai ƙungiyar Da'esh ta ci Mosul a watan Yuni 2014. A watan Yuli Kiristocin birnin suka fita gudun hijira, aka kuma rushe masallacin Annabi Yunusa da ke bisa tudun Nineba.

Ran 26 ga Fabrairu 2015 mutanen nan suka nuna wa duniya hoton aikinsu: suna ture siffofin Hatra, suna farfasa su da guduma. Suka ce gumaka ne. Amma ba mai yi wa duwatsun nan sujada tun shekaru aru aru, mihiraban masallaci kuma ba su tsira ba. Abin da ya ɗauku kuwa aka yi gaba da shi. Dakalin kursiyi suka sa masa nakiya, har ta huda daɓen zauren. Suka ƙone ɗakin littattafai, littafi fiye da 25,000. Da fari waɗansu suka kwantad da hankalin mutane, wai kayan duk kwaikwayo ne na farar ƙasa. Ba haka ba ne. Kaɗan ne na kwaikwayo, yawancinsu na ainihi ne.

Sojan Iraƙi suka karɓe gidan a watan Maris 2017, suka tarad da tarin tsakuwa. Daga 2018 hukumar kayan tarihi ta Iraƙi ta kama aikin gyara, da taimakon gwanaye daga Louvre na Faransa da Smithsonian na Amurka. Aikin haƙuri ne ƙwarai. Sai a tsince gutsattsari ɗaya ɗaya, a wanke, a sa wa kowane lamba, kāna a nemi ɗan'uwansa.

To, yaya mutum zai san mazaunin kowane guntu? A nan ne wahalar mutanen dā ta yi rana. Shekara ɗaya bayan an tono dutsen biki, a 1952, wani masani mai suna Wiseman ya kwafe rubutun, ya fassara, aka buga. Sauran manyan duwatsun kuma an auna su, an ɗauki hotonsu tun suna lafiya. Saboda haka mai gyara yana iya duban baƙi uku ko huɗu a kan guntu, ya duba kwafin, ya gane layin da suka fito. Abin da aka ƙone ba kwafi kuwa, ya tafi ke nan.

A watan Mayu 2023 aka buɗe nuni a tsohon zauren sarautar nan inda gidan ya soma, domin mutanen Mosul su ga hotunan kayan kamar yadda suke dā, da inda gyara ya kai.