Darasin Lafiya: Tafiyar Jini a Jiki da Hawan Jini

'Yan'uwa manoma, a wannan fitowa mun ajiye zancen iri da taki, za mu dubi jikin manomin da kansa. Kusan kowane ƙauye an san wani wanda ya kwanta lafiya lau, da gari ya waye ɓarin jikinsa ya shanye, baki ya karkace. Sai a ce iska ce ta buge shi, ko sammu aka yi masa. Sau da yawa kuwa hawan jini ne, wanda ya daɗe yana ɓarna a ɓoye. Ba za mu gane shi ba sai mun san yadda jini yake tafiya.

Wanda ya taɓa noman rani ya riga ya san rabin darasin. A lambu akwai injin ban ruwa, da babban tiyo, da ƙananan hanyoyi masu kai ruwa kowane fangali. A jikinmu zuciya ce injin. Girmanta kamar dunƙulen hannun mai ita ne. Tana da ɗakuna huɗu, da ƙofofi masu buɗewa gefe ɗaya kaɗai don kada jini ya koma baya. Ɓangaren dama yana tura jini zuwa huhu ya ɗauko iska mai kyau. Ɓangaren hagu, wanda ya fi kauri, shi yake tura shi cikin manyan jijiyoyi zuwa kai da ciki da ƙafafu. Jijiyoyin nan suna ta rarrabuwa, suna ƙanƙancewa har su fi gashin kai siranta, a nan ne jini yake sauke iska da abinci, ya kwashi datti. Inda ya bambanta da ruwan lambu shi ne, ƙasa takan shanye ruwa, jini kuwa yakan komo zuciya ta waɗansu jijiyoyi dabam. Wani likitan Ingila mai suna William Harvey shi ya bayyana wannan kewayawa a shekara ta 1628.

Babban mutum yana da jini wajen lita 5, watau galan ɗaya da ɗan ɗori. Ko yana zaune a inuwa, zuciyarsa tana tura kimanin wannan adadi kowane minti. A kwana ɗaya ke nan ta tura abin da zai cika duro 36. In ya ɗauki galma ya shiga huɗa, aikin yakan ninka sau uku ko fiye. Kowa ya ɗora yatsu biyu a wuyan hannunsa, ta wajen babban yatsa, ya ƙirga bugun har minti ɗaya. Ga mai hutawa, tsakanin 60 da 100 shi ne daidai.

To, ina hawan jini ya shigo? Mu ɗan toshe bakin tiyo da babban yatsa. Ruwa yakan yi tsiri, tiyon ya yi tauri a hannu, injin ma ya sāke kuka. Wannan ƙarfi da ruwa yake danna jikin tiyo, irinsa ne jini yake yi wa jijiya, shi ne kuma malamin asibiti yake aunawa sa'ad da ya ɗaura mana abin nan mai kumbura a damtse. Yakan rubuta lamba biyu, misali 120 bisa 80. Ta sama ƙarfin ne lokacin da zuciya ta matsa, ta ƙasa kuma lokacin da ta saki tana cika. In an auna a ranaku biyu dabam dabam aka sami 140 bisa 90 ko fiye, ko da lamba ɗaya ce ta kai haka, to, hawan jini ne.

Abu biyu suka fi tā da shi. Na fari, ƙuncin hanya. Ƙananan jijiyoyi suna da tsoka a jikinsu, sukan tsuke su kuma saki. Tsukewa kaɗan tana da babban tasiri: in faɗin bututu ya ragu da rabi, ruwan da zai wuce da ƙarfi iri ɗaya yakan koma kashi ɗaya cikin 16. Tsufa kuma yakan sa manyan jijiyoyi su sandare kamar tiyon da ya sha rana. Na biyu, yawan ruwa a cikin hanyar. Ƙoda ce mai kula da wannan, gishiri kuwa yana riƙe ruwa a jiki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya kai giram 5 na gishiri a rana, watau ƙasa da ƙaramin cokalin shayi ɗaya. A cikin lissafin har da dunƙulen magi, da busasshen kifi mai gishiri, da yajin tsire. Kanwa ma 'yar gidansu ce. Mun ga tukunyar miya da aka sa mata gishiri, aka marmasa magi uku, aka ƙara kanwa, mai gida kuma ya sāke barbaɗawa a kwanonsa. Gādo, da ƙiba, da giya, da taba su ma suna da hannu, haka nan yawan shan magungunan ciwon jiki irin su ibuprofen da diclofenac da muke saye bayan aikin gona.

Akwai kuskure da muke yawan ji. Waɗansu suna tsammani hawan jini yawan jini ne, sai su tafi wurin wanzami a yi musu ƙaho. Zubar da jini ba ya buɗe jijiyar da ta tsuke. Mutum yana iya zama da ƙarancin jini da hawan jini a lokaci guda. Waɗansu kuma suna cewa ciwon masu kuɗi ne na birni, ko na mai yawan tunani. Siririn manomi mai fara'a ma yana kamuwa.

Abin da ya fi ba mu tsoro shi ne, yawancin masu shi ba sa jin kome. Ba ciwon kai, ba jiri, suna aikinsu shekara da shekaru. Amma zuciya tana ta ƙara kauri har ta gaji, ƙafafu su kumbura, numfashi ya yi wuya. Ƙoda tana lalacewa, gani yana raguwa. Ran da wata jijiya ta fashe ko ta toshe a ƙwaƙwalwa, shi ne shanyewar ɓarin jiki. In haka ta faru, a kai mutum asibiti nan take, kada a tsaya ɗura masa jiƙo.

Jirin nan da yakan ɗebe mu in muka miƙe farat ɗaya daga sunkuyon noma, wannan yawanci saukar ƙarfin jini ne na ɗan lokaci, musamman in an yi gumi ba a sha ruwa ba. A zauna, a sha ruwa, a riƙa miƙewa a hankali.

Mata masu ciki kuwa, tilas a auna su duk zuwan awo. Hawan jini yakan taso bayan mako 20 na ciki, in ba a kula ba ya kai ga jijjiga, wadda takan kashe uwa da ɗa. Kumburin fuska da hannuwa, ko ciwon kai mai tsanani, ko dishi-dishin gani, kada a bari su kwana a gida.

Wanda aka ɗora a kan magani ya sha kullum. Maganin riƙe ciwon yake yi, in an bari ya komo, ko da mutum yana jin garau. Shawararmu ga shugabannin ƙungiya ita ce su roƙi ma'aikacin lafiya na ɗakin shan magani mafi kusa ya zo taro na gaba da ma'auninsa. Kowa ya zauna ya huta minti biyar kafin a auna shi, kada ya ci goro ko ya sha taba cikin rabin awa kafin nan. A rubuta wa kowa lambarsa da kwanan wata a takarda ya ajiye, wanda tasa ta hau kuma a sa masa ranar da za a sāke aunawa.