Wasiƙa Daga Helsinki: Na Nemi Jatan Lande, An Ba Ni Wani Abu Mai Ƙafafu Goma

Wasiƙarmu ta farko a yau ta yi doguwar tafiya, daga Helsinki, babban birnin ƙasar Finlan, inda wata 'yar'uwarmu ke karatu. Ta ce marmarin alale ya kama ta, ta duba ƙamus ta ga "crayfish" a harshen ƙasar shi ne "rapu", ta je kanti ta nema. Sai aka miƙo mata wasu jajayen halittu, kowanne ya kai tsawon yatsa ko fiye, da manyan hannuwa biyu kamar na kunama. Tana tambaya: ƙamus ne ya yi kuskure ko mai kanti?

'Yar'uwa, Allah Ya ba da sa'ar karatu. Ba wanda ya yi kuskure a cikinsu. Kalmar ce take da fuska fiye da ɗaya, kuma fuskar da muka sani a Najeriya ba ita ƙamus ya sani ba.

A wurinmu, in aka ce "crayfish" ana nufin ƙananan jatan lande busassu, waɗanda ake kamowa a gaɓar teku wajen Oron da Kalaba, a shanya ko a ƙyafe, a auno su a gwangwani a kasuwar Sabon Gari, a daka a barbaɗa a miyar agushi. A Ingila kuwa kalmar na nufin wata halitta ta ruwan daɗi, mai zama ƙarƙashin duwatsu a rafi da tafki, wato abin da aka miƙo miki. A jihar Luwiziyana ta Amurka ita ɗin ce dai, amma sukan ce "crawfish". In kika gangara Ostireliya, sunan ya koma kan wani ƙaton abin teku da ya kai tsawon kamu guda ko fiye. Kuma ko "fish" ɗin da ke ƙarshen kalmar ba kifi ba ne. Daga tsohon Faransanci Turawan Ingila suka aro ta, a Faransanci kuwa har yau ana cewa "écrevisse". Kunnensu ya ji wutsiyar kalmar kamar "fish", sai bakinsu ya bi kunnen.

To, su mutanen Finlan sun fi Turawan Ingila tsari a nan, kuma ina son yadda suka yi. Sun riƙe "rapu" a matsayin uwa, sai su ɗora mata wata kalma a gaba don a bambance 'ya'yan. "Joki" kogi ne, don haka "jokirapu" shi ne nasu na gado. A lura, harafin j a bakinsu y ne, yokirapu za ki ce. "Tasku" aljihu ne, "taskurapu" kuwa ita ce ƙaguwa, mai faɗin jiki kamar a zura ta a aljihu. Jatan lande shi ne "katkarapu". Akwai kuma "täplärapu", mai tabo, saboda ɗan farin tabon da ke mahaɗar hannunsa.

Wannan mai tabon baƙo ne, kuma labarinsa akwai ban tausayi. A 1893 wata annoba mai asali daga Arewacin Amurka ta shiga ruwayen Finlan ta yi wa jokirapu kisan kiyashi, alhali a lokacin ƙasar na sayar da miliyoyinsa waje. A shekarun 1960 aka kawo mai tabo daga Amurka don ya cike gurbi, tunda yana jure cutar. Ashe yana ɗauke da ita a jikinsa, duk ruwan da ya shiga na gida sai ya ƙara ja baya.

Abin da aka ba ki ba ƙaramin abinci ba ne a wurinsu. Doka ba ta yarda a kama shi ba sai daga tsakar ranar 21 ga Yuli zuwa ƙarshen Oktoba. A watan Agusta iyalai kan taru a bakin tafki, a dafa shi da gishiri da wani ganye mai ƙamshi da suke kira "tilli", a bari ya huce, a ci da hannu ana tsotsar romon.

Wani abin kuma, in kika ga "Rapu" a shafin taurari na jarida, burujin da malamanmu ke kira Saraɗan ake nufi. Larabci da Turanci sun haɗa burujin da ciwon daji a suna ɗaya, su kuwa sun raba: cutar "syöpä" suke ce mata, daga kalmarsu ta ci, wato mai cin jiki.

Yanzu maganar alale. Ki bar manyan kantuna, ki nufi unguwar Hakaniemi, inda shagunan 'yan Afirka da na Asiya suke. Ki rubuta a takarda: "kuivattu katkarapu", busasshen jatan lande. In mai shagon ɗan Najeriya ne, ki ce masa "crayfish" kawai, zai gane tun kafin ki rufe baki.