ZAƁEN ƘAFAFUN MOTAR KAYA DOMIN HANYAR DAJI

Zuwa ga dagatai da manoma masu karatu, domin su karanta wa jama'arsu.

Kowane manomi ya san kayan da jakinsa ya ke iya ɗauka, ba ya kuwa ɗora masa na raƙumi. To, haka mota ta ke. Da kaka mutane su kan haɗa kuɗi su sayi motar kaya, ko su yi hayarta, domin kai masara da gyaɗa kasuwa kamar ta Dawanau a Kano. Sau da yawa motar ta kan kwana a daji, hatsi ya sha raɓa ko ruwa, wani lokaci har a yi hasarar rai. Wannan kuwa ya kan fito daga ƙafafu.

1. Abu uku ke ɗaukar nauyi. Na fari taya, watau robar da ke taka ƙasa. Na biyu wili, watau ƙarfen da a ke sa tayar a jikinsa. Na uku sandar ƙarfen da ta haɗa ƙafar dama da ta hagu. Kowannensu yana da iyaka, wanda ya fi rauni kuwa shi ne iyakar motar duka. Sabuwar taya a kan ruɓaɓɓen wili ba ta da amfani.

2. Maƙera su kan rubuta iyakar. A bayan wili ko a cikinsa a kan buga yawan kilo da ya ke ɗauka. Wilin da ba shi da wannan hatimi, kada a saye shi, kome araharsa. A gefen taya kuma akwai lambobi biyu, kamar 122/118. Ta farkon tana nufin kilo 1,500, in tayar ita kaɗai ce. Ta biyun tana nufin kilo 1,320, in an jera biyu a gefe guda. A tayar manyan motoci a kan ga 152/148, watau kilo 3,550 da kilo 3,150.

3. Ga yadda a ke lissafi. Mu ce mota mai ƙafa shida, nauyinta ba kaya kilo 3,500 ne. An ɗora mata buhu 40 na masara, kowane kilo 100, kilo 4,000 ke nan. Direba da yaransa da tarkace kilo 300. Jimla kilo 7,800. Kada a raba wannan gida shida daidai, gama baya ta fi gaba shan nauyi. Mu ɗauka kashi biyu cikin uku yana baya, watau kilo 5,200. In an raba shi ga ƙafa huɗu, kowace ta sami 1,300. Tayar 122/118 ta kai bakin iyakarta ke nan, saura kilo 20 kaɗai.

4. A kan kwalta wannan zai iya wucewa, amma hanyar daji dabam ce. In ƙafa guda ta hau tudu ko kututture, nauyin 'yar'uwarta ya kan komo kanta. In mota ta faɗa rami, bugun ya kan fi nauyin da a ka auna tana tsaye. Saboda haka lalle a bar rara. A misalin nan in an sauke buhu 5, kowace ƙafa ta baya za ta ɗauki kamar kilo 1,220. Sawu biyu lafiya ya fi sawu guda da kwana a hanya. A kuma shirya buhuna daidai dama da hagu, kamar yadda a ke daidaita mangala.

5. Domin hanyar burji da duwatsu, wilin baƙin ƙarfe ya fi na sanholo. Na ƙarfe in ya bugu lanƙwashewa ya kan yi, na sanholo kuwa tsagewa. Wilin da ya tsage a yar da shi, kada a kai shi walda. Kada kuma a kusantar da wuta ga wili muddin taya tana jikinsa, gama tana iya fashewa ta kashe mutum. Girman wili ya zama daidai da na taya: tayar inci 16 ba a sa ta a wilin inci 16.5. Ramukan noti kuma su dace da na motar, ba tare da an buɗa su ba.

6. Iska ce ke riƙe kaya. Lambar da ke jikin taya gaskiya ce sa'ad da iskar ta cika yadda maƙera su ka faɗa. A auna ta da safe kafin taya ta yi zafi. In an rage iska domin ƙetare rairayi, a tafi sannu, a mai da ita da zarar an fita. In an sauya ƙafa, a sake ɗaure noti bayan tafiyar kilomita 50 zuwa 100.

7. A duba shekarun taya. A ƙarshen rubutun da ya soma da DOT akwai lambobi huɗu: 2319 na nufin mako na 23 na shekarar 2019. Tsohuwar taya mai tsattsagewa a gefe ba abin amincewa ba ce, ko da zanenta bai cinye ba.

Ana roƙon kowane dagaci ya sa wani mai karatu ya duba lambobin nan, ya yi lissafin nan, tun ba a ɗora buhu na fari ba. Rigakafi ya fi magani.