Darasi: Makarantar Rediyo

A shekara ta 1947 wani fada mai suna Salcedo ya kafa ƙaramar tashar rediyo a ƙauyen Sutatenza, cikin duwatsun ƙasar Kolombiya. Manoman wurin matalauta ne, da yawansu kuwa ba su iya karatu ba. Sukan taru gaban akwatin rediyo guda, malami yana koya musu karatu, lissafi, noma da tsabta daga nesa. A kowane taro akwai mataimaki, ɗan garin, wanda ke rubuta maganar malami a allo.

Ku lura, 'yan'uwa: murya daga nesa ba ta kama hannun mai koyo. Wannan aikin na kusa ne.

Tambaya: A ƙauyenku, wa zai tsaya gaban allo?