DARASI: ITATUWAN DA KE ƁOYE A ƘARƘASHIN GONAKINMU

Kowace shekara idan watan Yuli ya kama, Agusta ya biyo baya, abu guda mukan gani a yawancin ƙauyukanmu. Gona ta yi kore shar, amma rumbu ya kusa ƙarewa. Uwa takan rage awo, ta tsinka kunu, yara su kwana da rabin ciki, magidanci kuwa ya tafi cin bashin hatsi wanda zai biya da riba idan kaka ta yi. Idan muka tambayi dattawa dalili, amsarsu ɗaya ce: ƙasa ta gaji. Takin zamani da muka dogara gare shi ya yi tsada ƙwarai tun daga yaƙin Rasha da Yukiren a 2022, ya kuma ƙara nisa da talaka bayan cire tallafin man fetur a Nijeriya a 2023. Saboda haka a darasin nan za mu duba wata hanya ta farfaɗo da ƙasa wadda ba ta bukatar kuɗi, sai wuƙa mai kaifi da haƙuri.

Abin da ya faru a Maraɗi

Bayan babban farin da ya auka wa ƙasashen Sahel a farkon shekarun 1970, an kashe kuɗi masu yawa wajen renon itatuwa a leda da dasa su a Jamhuriyar Nijar. Mafi yawansu sun mutu, gama zafin rana da iska da awaki ba su bar su ba. A 1983 wani masanin aikin gona ɗan ƙasar Ostareliya, Tony Rinaudo, wanda ke aiki da mishan ta SIM a Maraɗi, ya lura da abin da kowa ke gani amma ba a kula da shi ba. Ƙananan ganyayen nan da ke tsirowa ko'ina a gona, waɗanda manoma ke sarewa su ƙone lokacin sassabe, tohon tsofaffin kututture ne. An sare itacen tun da daɗewa, amma saiwarsa tana nan da rai, ta yi zurfi, tana kai wa ga laima. Idan aka rage tohon aka bar kaɗan, sai ya yi girma da sauri fiye da dashe, domin saiwarsa ta riga ta kafu.

Da farko manoma ba su yarda ba, har ana yi wa masu gwadawa ba'a cewa gonarsu ƙazama ce. A lokacin yunwar 1984 mutane da yawa sun bar itatuwa saboda ana ba su abinci a kan haka, da aka daina ba da abincin kuwa sai yawancinsu suka sare. Amma waɗanda suka bar nasu sun sami itacen girki da abincin dabbobi, hatsinsu kuma bai ragu ba. Gani ya kori ji. Maƙwabci ya koya daga maƙwabci, aka sa wa hanyar suna sassaben zamani. Masu bincike da suka gwada hotunan sama na da da na baya sun ƙiyasta a 2009 cewa an farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5, da itatuwa kusan miliyan 200, galibi a jihohin Maraɗi da Damagaram, ƙarin hatsin da ake samu kuma ya kai kimanin tan 500,000 a shekara. Mutanen nan Hausawa ne manoman gero da dawa da wake kamarmu, ruwan samansu ma bai kai na yawancin garuruwanmu ba.

Yadda itace ke ciyar da ƙasa

Mu ɗauki gawo. Halinsa dabam yake da na sauran itatuwa, gama da damina yake zubar da ganye, da rani kuma ya yi kore. Don haka ba ya tare wa shuka rana, ganyen da ya zubar kuwa yakan ruɓe daidai lokacin da gero ke bukatar abinci. Saiwarsa tana tara sinadarin naitirojin, wato abin nan da muke saye a buhun yuriya. Da rani dabbobi sukan taru a inuwarsa suna cin 'ya'yansa, su bar kashinsu a wurin. Shi ya sa hatsin gindin gawo ya fi na fili tsawo da kauri. Kalgo da sabara kuma suna tare iska, kada yashi ya binne shuka tun tana ƙarama, suna riƙe ƙasar da iska ta kwaso, ganyensu yana rufe ƙasa ya hana laima saurin bushewa.

Daga gona zuwa tukunya

Cika ciki dabam, gina jiki dabam. Yaron da ke cin tuwo da kunun gero zalla yana iya ƙoshi, amma tamowa ta kama shi, musamman tsakanin wata 6 da shekara 2. Itatuwan gona suna cike wannan giɓi. Kuka tana ba mu ganyen miya, garin 'ya'yanta kuma yana da bitamin C mai yawa. Ɗorawa tana ba mu kalwa, wadda ake yin daddawa da ita, abinci mai gina jiki. Magarya da aduwa da tsamiya da kaɗanya kowace da nata amfani, zogale kuma a bayan gida yakan ba da ganye kusan duk shekara. Idan muka haɗa wannan da shuka wake ko gyaɗa ko waken suya tsakanin kunyoyin hatsi, mun taimaki ƙasa, gama su ma suna ƙara mata naitirojin, mun kuma sami abin da uwa za ta gauraya a kunun yaro. Mata kuwa za su huta da doguwar tafiyar neman itace, wadda ke cinye lokacin girki da reno.

Yadda ake yi

1. Kafin sassabe, mu zaga gona mu ƙidaya kututturen da ke toho, mu zaɓi irin da muke so. Ana iya farawa da kamar 40 a hekta ɗaya.
2. A kowane kututture mu bar toho 3 zuwa 5 mafi ƙarfi da miƙewa, mu cire sauran.
3. Mu datse rassan gefe har zuwa rabin tsawon tohon. A yi da wuƙa ko lauje mai kaifi, ana yanka daga ƙasa zuwa sama, don kada ɓawo ya yage.
4. Mu ɗaura tsumma mai launi a jikinsa, alama ce cewa yana da mai shi.
5. Mu koma bayan 'yan watanni mu sake gyarawa. Abin da aka datse itacen girki ne, ganyen kuwa a bar wa ƙasa.
6. Mu daina cinna wa gona wuta. Wuta tana kashe toho, tana kuma cinye abincin ƙasa.

Matsalolin da za mu tarar

Kada mu ruɗi kanmu, aikin yana da wuyarsa. Wanda ke noma gonar aro ko ta haya dole ya fara shawara da mai gona, don kada a zaci yana neman mallake ta. Masu saran itace da masu gawayi suna iya sare aikin shekara uku cikin dare ɗaya. Makiyayi ma yana bukatar ganye ga dabbobinsa da rani. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. A ƙauyen Ɗan Saga na jihar Maraɗi, kwamiti aka kafa wanda ya haɗa manoma da mata da makiyaya, suka yi dokoki tare, suka tsare su tare. Mu ma sai mu zauna da mai unguwa da ardo da maƙwabtanmu Musulmi, gama iska da yunwa ba sa tambayar gonar wane ce.

Tambayoyi domin tattaunawa

Muna roƙon katikis da shugabannin Zumuntar Mata da na matasa su duba waɗannan a taronsu na gaba:

1. Waɗanne itatuwa ne iyayenmu suka bari a gona waɗanda yanzu babu su, me kuma muka rasa tare da su?
2. A wane wata hatsi ke ƙarewa a gidajenmu, su wa suka fi shan wahala?
3. Wa zai ba da gefen gonarsa, ko gonar ikilisiya, a gwada bana don kowa ya gani?

Amfanin ba zai bayyana duka a damina ɗaya ba, amma cikin shekara biyu zuwa uku tohon yakan fi mutum tsawo. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya kiyaye 'ya'yanmu daga yunwa. Amin.