Bututu da Amfaninsa a Asibiti, da Ɗakin Bincike, da Gida

Sau da yawa a asibitocin ƙasar nan akan sami majiyyaci wanda ya kasa cin abinci, likita ya ce a sa masa roba ta hanci, sai 'yan'uwansa su ƙi yarda. Waɗansu ma sukan faki idon ma'aikata su zare robar da dare, ko kuwa su ɗauke majiyyacin su koma da shi gida, wai don sun ji an ce wanda aka sa wa roba ba ya tashi. Wannan zato kuskure ne, yana kuwa jawo hasarar rayuka, musamman na ƙananan yara. Robar nan ba kome ba ce illa bututu, watau hanya mai rami a tsakiya wadda ruwa ko iska ke bi daga wani wuri zuwa wani. Jikin ɗan Adam kansa cike yake da irin waɗannan hanyoyi, gama jijiyoyin jini da maƙogwaro da hanji duk bututai ne. Idan ciwo ya toshe ɗaya daga cikinsu, ko ya raunana shi, sai likita ya ara wa jiki na roba kafin nasa ya koma aiki.

A Asibiti

Bututun da jama'a suka fi sani shi ne na ƙarin ruwa. A shekarar 1832, lokacin da annobar kwalara ta auka wa ƙasar Birtaniya, wani likita mai suna Tomas Latta ya gwada zuba ruwan gishiri kai tsaye cikin jijiyar waɗanda amai da gudawa suka ƙarar da ruwan jikinsu. Wannan dabara ita ce asalin ƙarin ruwa, ita ce kuma ake ceton waɗanda kwalara ta galabaitar da ita, kamar yadda aka yi a Nijeriya lokacin annobar 1971. Ruwan gishirin da aka fi ƙarawa yana da giram 9 na gishiri a cikin kowace lita. A jikin bututun akwai ɗan ƙoƙo inda ake ƙidaya ɗigo, da 'yar taya wadda ake murzawa don ƙara gudu ko ragewa. A yawancinsu ɗigo 20 ne ke cika mililita 1. Saboda haka idan likita ya ce jaka mai mililita 500 ta shiga cikin awa 8, sai a daidaita ta a kan ɗigo 21 a minti. Mai jinyar da ya murza tayar nan don ruwa ya ƙare da wuri yana iya cika huhun majiyyaci da ruwa, ya kuma nauyaya wa zuciyarsa.

Ita kuwa robar hanci, takan bi ta hanyar abinci ne har cikin ciki, ba ta shiga huhu, ba ta kuma hana numfashi. Ana sa wa bakwaini wanda bai iya tsotson nono ba, da yaron da tamowa ta raunana, da wanda ya suma, da mai shanyewar ɓarin jiki wanda haɗiya ta gagare shi. Kafin a zuba abinci, ma'aikaciyar jinya takan tabbatar cewa bakin robar yana cikin ciki. Don haka bai kamata wani ya ɗura kunu ko madara ta ciki ba, sai an koya masa. Da zarar majiyyaci ya fara haɗiya da kansa, sai a cire.

Akwai kuma robar fitsari, wadda wani likitan Amurka mai suna Foli ya kyautata ƙirarta a shekarun 1930. Ana sa wa dattijon da fitsari ya tsaya masa, da matar da ta yi doguwar naƙuda, domin mafitsararta ta huta. A kanta akwai 'yar jaka wadda ake cika wa ruwa bayan ta shiga mafitsara, don kada ta zame. Wanda ya fizge ta ba a sace ruwan nan ba zai yage hanyar fitsari. Lalle ne kuma jakar da fitsarin ke taruwa ta zauna ƙasa da ƙugun majiyyaci, domin kada fitsari ya koma da ƙwayoyin cuta.

Har abin da likita ke sauraron ƙirji da shi ma bututu ne. Wani likitan Faransa, Rene Layenek, shi ya fara shi a 1816 da takarda wadda ya naɗe, daga baya ya sassaƙa na itace.

A Ɗakin Bincike

Jinin da aka ɗiba don gwaji akan zuba shi cikin ƙananan bututai masu murfi launi-launi. Kowane launi yana nuna abin da ke ciki: wani yana da maganin hana jini daskarewa, wani babu. Akwai kuma wani siririn bututu kamar tsinke, wanda ke zuƙar jini da kansa daga yatsa. Idan na'ura ta jujjuya shi da sauri, sai jajayen ƙwayoyin jini su kwanta ƙasa, a auna yawansu, a gane ko mutum yana da ƙarancin jini.

Ilmin kimiyya ya ci gajiyar bututu ƙwarai. A 1643 wani masani ɗan Italiya, Toricelli, ya cika bututun gilashi da zaiba, ya kifa shi cikin tasa, sai ya ga zaibar ta tsaya a tsawon kimanin santimita 76. Ta haka aka gane cewa iska tana da nauyi, aka kuma sami ma'aunin da masu duban yanayi ke aiki da irinsa. A 1895 kuma, Rontgen, Bajamushe, yana gwaji da bututun gilashi wanda aka zuƙe iskar cikinsa, ya gano hasken nan da ake ɗaukar hoton ƙashi da shi.

A Gida

Tiyon da ke tsakanin tukunyar gas da murhu yakan tsufa ya tsattsage. Hanyar gwada shi ita ce a shafa masa ruwan sabulu. In ya yi kumfa, yana yoyo, sai a sake sabo. Kada a kuskura a gwada da ashana. Firij kuma yana sanyaya abinci ne da wani sinadari mai zagayawa cikin siraran bututai. Wanda ya ɓamɓari ƙanƙara da wuƙa yana iya huda su, firij ya mutu. Dogon ƙwan lantarki yana da tururin zaiba a ciki, ita kuwa guba ce, saboda haka kada a bar yara su farfasa wanda ya ƙone. Bututun famfo da ya fashe a cikin kwata yakan zuƙi ƙazanta idan an ɗauke ruwa, daga nan sai taifot da kwalara su shigo gida. Haka kuma masu zuƙo fetur da baki ta tiyo suna kasada da ransu, gama ɗan kaɗan in ya sarƙe mutum ya isa ya lalata huhu.

Abin Kiyayewa

Abu uku ake bukata ga kowane bututu: ya zama mai tsabta, kada ya toshe, kada kuma ya yi yoyo. Bututun ƙarin ruwa da allurarsa na mutum ɗaya ne, ba a sake amfani da su, domin ta haka ake yaɗa ciwon hanta da ƙanjamau. Idan mai jinya ya ga ruwa ya tsaya, ko wurin allura ya kumbura, ko roba ta lanƙwashe, aikinsa shi ne ya kira ma'aikaciyar jinya nan da nan. Wanda kuma bai gane dalilin da ya sa za a sa wa ɗan'uwansa roba ba, yana da ikon ya tambayi likita har ya gamsu. Hausawa sun ce rashin sani ya fi dare duhu.