Ki Bar wa Yakuwa Gurbi a Gidanki

'Yata, kafin magina su malale tsakar gidan nan da siminti, ki roƙi maigidanki a bar miki ɗan fili ta gefen katanga, inda rana ke wuni. Ko taku biyar ne ya wadatar. Yakuwa za ki shuka a wurin, in da saura ki ƙara da rama.

Kin dai san yadda ƙasarmu take. Daga Dambatta zuwa Makoɗa, Kunchi, Bichi har Minjibir, gona na jingine da gona, ƙauye na hango ƙauye. Tun muna yara ƙasa ba ta hutawa a nan. Taki ne ke riƙe da ita, wanda ake kwashewa daga turke da wanda jakuna ke ɗaukowa daga birni. Shi ya sa iyayenmu ba su yarda ko ɗan lungu ya zauna haka nan ba: gero da dawa da wake da gyaɗa a cikin gona, yakuwa a kan iyaka tana nuna inda naka ya tsaya, wata kuma a bayan ɗaki, inda mace za ta miƙa hannu ta tsinka ba sai ta aiki yaro ba.

Kowa na yabon haƙurin yakuwa, kuma gaskiya ne. Saiwarta na nutsawa ƙasa, in ruwa ya ɗauke a tsakiyar damina har masara ta fara naɗe ganye, ita za ki same ta a tsaye. Waɗanda suka ga farin 1973 da na 1984 ba sa raina ganye, don sun san ranar da kwaɗo ya zama shi ne abincin dare. To, amma haƙurin nan shi ke jawo mata wulakanci. Sai a watsa iri a juya baya, da kaka a zo ana cewa bana ba ta yi ba. Ba za ta mutu ba in kin ƙyale ta, sai dai ba za ta ba ki abin da ke cikinta ba.

Abin da ba ta so shi ne ruwa ya kwanta mata a gindi. Kada ki sa ta bakin rariya, kada kuma ki sa ta ƙarƙashin darbejiya, don a inuwa tsawo kawai za ta yi. Ƙasar jigawa irin tamu ta dace da ita. Ki ɗan tada kunya, ki zuba takin awaki wanda ya ruɓe, ki barbaɗa toka kaɗan. Takin zamani kuwa ki yi hankali da shi, in ya yi yawa ganye za ki samu jingim, zoɓo kaɗan.

Maganar lokaci ita ce babba, ki saurare ni da kyau. Yakuwa ba ta fure don ta girma. Tana jira ne sai wuni ya gajarta dare ya yi tsawo, wajen Satumba zuwa Oktoba. In lokacin nan ya yi, da wadda ta kai kafaɗa da wadda ba ta wuce gwiwa ba duk tare za su yi fure. Kin ga ke nan wadda aka shuka da ruwa ya zauna, daga ƙarshen Yuni zuwa tsakiyar Yuli, ta sami watanni tana tara rassa, kuma a jikin rassan ne 'ya'yan ke fitowa. Wadda aka shuka a Agusta kuwa za ta haihu tana ƙarama, abin da za ki tsinka ba zai cika ƙwarya ba. Babu takin da ke rama makara.

Ki jiƙa gurguzun, wato irin yakuwar, ya kwana a ruwa. Ƙwaya 3 a rami, zurfin gaɓar yatsa, tsakanin rami da rami kamu 2. Cikin mako guda za ki ga sun leƙo. In sun yi ganye huɗu ko biyar ki cire raunanan, ki bar ɗaya ko biyu. Kada ki ji tausayi, waɗanda kika cire ai na fate ne. Ki kare su daga kaji tun suna ƙanana, ki kuma yi shinge na kara ko ƙaya tun kafin kaka, lokacin da ake sakin awaki.

Sannan ki raba su tun da wuri, ki san na miya, ki san na zoɓo. Wanda kike tsigar ganyensa kullum don taushe da fate ba zai iya cika miki buhu ba, don ganyen nan shi ke ciyar da 'ya'yan. Na zoɓo sau ɗaya za ki taɓa shi, in ya kai gwiwa ki tsinke kansa don ya yi rassa. In za ki samu, ki haɗa iri biyu, ja na sha, fari na miya. Baɗi kuma ki sauya musu gurbi. Yakuwa da rama da kuɓewa dangi ne, cutarsu ɗaya. In kika tuge tsohuwa kika ga saiwar ta yi ƙulu-ƙulu, to wurin nan sai ya huta da su.

In furen ya zo, ki fita da sassafe ki gani. Rawaya ne mai haske, tsakiyarsa ja wur, kafin la'asar ya yi yaushi, washegari ya faɗi. Abin da muke sha ba shi ba ne, jan ƙoƙon da ya riƙe shi ne, wanda zai ci gaba da kumbura yana naɗe ƙwallon iri. Bayan mako 2 zuwa 3 ki latsa shi, in kin ji ya yi kauri yana ƙaras, ya isa yanka. Na ƙasa ke riga nuna, don haka bi da bi ake yi. Ki sa riga mai dogon hannu saboda ƙaiƙayi, ki ɓare shi daga ƙwallon tun yana ɗanye, ya fi sauƙi.

Shanya ce ke raba mai tsada da mai araha. A kan tabarma ko buhu mai tsabta, ba a ƙasa ba, ki riƙa juyawa, ki kwashe da yamma saboda raɓa. Sai ya bushe yana karyewa a hannu sannan ki ɗura. Zoɓon nan da kike gani, daga Dawanau da Maigatari ake loda shi, ya bi ta Legas ya hau jirgin ruwa har Meziko, inda su ma suke jiƙa shi su sha da sanyi. An taɓa dakatar da karɓar na Nijeriya a can saboda ƙwari da aka samu a cikin kaya. Ko ba ki sayar da mudu ɗaya ba, abin da za ki ba masu azumi su yi buɗa-baki da shi bai kamata ya zo da yashi ba.

Gurguzun ma kada ki zubar. Da shi ake daddawar batso, in kina so zan nuna miki yadda ake dafa shi a rufe har ya yi. Na iri kuma ki ware tun a tsaye: ki zaɓi gindi biyu da suka fi kyau, ki bar su su bushe har ƙwallon ya fara tsagewa, ki sussuke, ki gauraya da toka, ki rufe a kwalba inda lema ba ta kaiwa. Na bana kam kada ki saya. Ina da ja da fari a ajiye, ki turo yaro ya karɓa kafin ruwa ya zauna.